'Yar Hular Otal

Duk Garwa an san Bilya mai rubuta allunan kantuna, amma babu wanda ya san hannunsa na dama ya fara rawa. Ko matarsa bai gaya wa ba, shayi ma sai ya juya baya yake sha. Tsoro yake ji ƙwarai, don ranar da maganar ta shiga kasuwa sana'arsa ta ƙare, ga injin buga rubutu ya iso daga Duwala yana kwashe masa mutane.

Madam Élisabeth, mai sabon masauki a hanyar Guider, ta ba shi aikin rubuta HÔTEL a goshin gininta. Manyan haruffan ba su ba shi wuya ba, gwiwar hannu ya jingina da bango ya ja su a hankali. Saura 'yar hular nan da ake ɗora wa O. Allunan Hausa da na Fulatanci babu ruwansu da ita, sai Bafaranshe, wanda harafi ma sai ya sa masa hula. Layi biyu ne su haɗu a tsini, amma can sama da kansa suke, inda babu abin jingina.

Ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Madam, a bar ta mana. Kowa ya gani ya san otal ne."

"Non, non, Malam Bilya! Ba chapeau, ba hôtel. In babu hula, ba otal ba ne. So kake 'yan makarantar lycée su yi mini dariya?"

Ya ƙara taka ɗaya. Yana ɗaga buroshi sai rawar ta taso, jan fenti ya ɗigo masa a goshi. Masu babur da ke hutawa a inuwar dalbejiya duk sun zuba masa ido. Hannun hagu ne kaɗai zai tsayar da na dama, shi kuwa yana riƙe da tsani, ƙasa kuma siminti ne tsura.

Ya yi bisimilla, ya saki tsanin, ya damƙe wuyan hannunsa. Tsanin ya yi ƙara. Ya ja layi ɗaya, ya ja na biyu, hula ta zauna ɗas.

Ya sauko, rigarsa sharkaf da gumi.

Madam ta tafa hannu ta ce, "Usoko, na gode! Tsohon hannu daban ne. Gobe ka zo da dogon tsani, ina son irin rubutun nan can ƙolin bene, a riƙa hangowa tun daga gadar Binuwai."

Bilya ya ɗaga kai ya dubi ƙolin benen.

"To, Madam. Ƙarfe nawa?"