Barka Tun Ranar Juma'a

Da Delfina ta baro Sucre, garinsu na kan duwatsun Bolivia, ta zo Jamus koyon yare, cewa aka yi za ta zauna da iyali. Ita kuwa a saninta iyali hayaniya ne, tukunya a wuta, ƙanne suna rigima a kan kujera ɗaya. Abin da ta tarar a wannan ƙaramin garin na gindin duwatsun Harz mutum biyu ne rak: Gudrun, mai aiki a kantin magani, da mahaifinta Ewald, tsohon direban jirgin ƙasa da ke dab da cika shekara casa'in.

Gudrun ba muguwa ba ce, kar a ɗauki alhakinta. Tana canza wa yarinyar zanen gado, tana ajiye mata burodi da cuku, ta nuna mata kwandon sharar kwalabe da na takardu. Magana ce dai ba ta yi sai ta zama dole. Har kaka ta shigo ganye ya zube Delfina ba ta san matsayinta a gidan ba, 'yar gida ce ko baƙuwar da ake haƙuri da ita. Wannan ya fi sanyin garin damunta.

Tsohon ne ya riƙe ta. Shi ba inda za shi, kullum ta dawo daga makaranta yana kujerarsa ta bakin taga da bargo a gwiwa. Opa take kiransa, yadda jikoki ke kiran kakansu.

"'Yar kan dutse, zo ki yi wa yarena kisan gilla in ji," haka yake tarbarta.

"Opa, yau malama ta ce na yi ƙoƙari."

"Malamar kurma ce. Sake faɗa, a hankali, ba wanda ya biyo ki."

A bakinsa ta koyi sunayen tashoshi da na tsuntsaye, da wasu ashar da ya ce ta adana don direban da ya watsa mata ruwa a titi. In ta yi kuskure ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ma sai ta rama, ta sa shi ya faɗi sunan unguwarsu, ya kasa.

Ranar haihuwarsa ta faɗo Asabar. Gudrun ta kama zauren wani gidan abinci, dangi za su zo daga Bremen. Sai ga shi a wannan Asabar ɗin ce Delfina za ta zauna babbar jarrabawarta a Hamburg, dole ta kama hanya tun Juma'a ta kwana wurin wata 'yar ajinsu. A Sucre wanda tafiya ta kama ba ya fita sai ya rungumi mai biki ya yi masa addu'a, ko da saura mako. Don haka ta gasa kek a ɓoye, ta yi ta bitar kalmomin da za ta faɗa har suka zauna mata.

Da safen Juma'a, Gudrun tana kicin tana haɗa kofi, Delfina ta shigo da kek ɗin, kyandir ɗaya yana ci a kai. Ta ajiye a gaban tsohon, ta rungume shi, ta ce barka da ranar haihuwa, ta gode masa da ya mai da ita mutum a ƙasar da ba ta san kowa ba. Ko tuntuɓe ɗaya harshenta bai yi ba.

Gudrun ta fito da buta a hannu, ta tsaya cak. Ta dire butar, ta zo ta hure kyandir ɗin.

"Me kika yi haka? Gobe ne! Ba a yi wa mutum barka kafin ranarsa!"

A nan Jamus ko yaron goye ya san wannan. Mutanen da rabonsu da coci tun ranar aurensu, masu dariyar camfin wasu ƙasashe, ba za su buɗe baki su taya ka murna ba ko saura awa ɗaya, wai yana jawo tsiya. Ba wanda ya gaya wa Delfina, don ba wanda ya taɓa zaton akwai mahalukin da bai sani ba.

"Ƙyale ta, Gudrun," in ji tsohon. "Yanko min. Ni da na ga yaƙi, kek ne zai tsorata ni?" Ya ci, ya yamutsa fuska. "Sukari ya yi yawa. Ki je ki ci jarrabawarki, kar ki ba ni kunya."

Ta fita da kunyar da ta fi jakarta nauyi.

Ranar Asabar da yamma, ta fito daga zauren jarrabawa ta kunna waya, ta ga saƙon Gudrun. Baba ya rasu a cikin barcinsa, bai ga safiyar ba.

Ta dawo ta tarar da gidan tsit, an ninke bargon an ɗora a kan kujerar. Gudrun ta ce zuciyarsa ce, likita ya ce ba abin da za a iya yi. Ta faɗi haka tana kallon bango. Daga ranar ba ta ƙara haɗa ido da yarinyar ba. Delfina ta san kek ba ya kisa, ai ba yarinya ba ce, aikin jinya ma take son karanta. Amma sanin kai daban, abin da zuciya ta riƙe daban. Duk ta sauko daga bene sai ta ji kamar ita ta buɗe wa mutuwa ƙofa.

Bayan an binne shi, aka sha kofi a zauren da aka kama don bikin, da mutanen da aka gayyata bikin. Delfina ta zauna can ƙarshen tebur. Washegari da rana ta haɗa akwatinta ta sauko da shi. Gudrun tana zaune a kicin, hannu biyu a kan tebur.

"Gudrun, zan roƙi makaranta ta samo min wani gidan. Ki yafe min. Wallahi ban sani ba."

"Kina zaton na yarda da wannan shirmen? Magani nake sayarwa fa. Na fi kowa sanin yadda zuciyarsa take."

"To me ya sa ba kya kallona?"



"Haushinki nake ji," in ji Gudrun. "Ke kin faɗa masa, ni ban faɗa ba. Tun da Mama ta rasu ba abin da ke haɗa mu sai kin rufe taga, ka sha ƙwayarka. Na shirya zan tashi ranar Asabar a gaban kowa in ce masa na gode. Shi ya raine ni yana aikin dare, ban taɓa cewa komai ba. Na jira ranar, yadda aka koya min."

Ta ɗago ta dubi Delfina.

"Ni kyandir ɗin kawai na gani. Ke kina kusa da shi. Da kika gama magana, yaya fuskarsa take?"

Delfina ta so ta yi ƙarya, ta ce dariya kawai ya yi. Amma matar nan ba ƙarya ta roƙa ba.

"Idonsa ya kawo ruwa," ta ce. "Amma ba ni yake kallo ba. Ƙofar kicin yake kallo, yana jiran ki fito ki gani."

Gudrun ta kifa goshinta a kan tebur. Delfina ta juya za ta ba ta wuri, sai ta ji an damƙe wuyan hannunta da ƙarfi har ya yi mata zafi.

"Kar ki tafi," in ji Gudrun cikin kuka. "Don Allah zauna."