Fito a Mitar Masu Ƙugiya

Mai Eriya yana da akwatunan rediyo guda biyu, tagwaye, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Babu maɓalli a jikinsu, babu allura mai nuna tasha. Abin da ka rubuta musu a baƙin allon kwamfuta shi suke zama. Ka ce su saurara, su saurara. Ka ce su yi magana, su yi, a kan kowace mita ka ga dama. Yakan ce cikin duk abin da ya taɓa zama ɗaki ɗaya da shi, su kaɗai ne ba su taɓa mayar masa da magana ba. Matarsa tana raye lokacin da ya fara faɗin haka, kuma ta mayar masa.

Ɗaya yana haɗe da eriyar da ke kan rufin benen da shagonsa yake, aikinsa saurare. Ɗayan yana kan teburi da ɗan gajeren kebur, wanda ake cusawa cikin rediyon da aka kawo gyara a hura masa fito don a gwada kunnensa. Fiton ba ya fita daga kebur ɗin. Kwamfuta tana kiran na teburi sifili, na rufi kuma ɗaya, don a haka ta fara ganinsu ranar da ya jona su. Kowanne yana da doguwar lamba a ƙarƙashinsa wadda ba ta canzawa, kuma da ita ya kamata a kira shi. Mai Eriya ya san haka, har ya koya wa wasu. Amma sifili ya fi saurin rubutawa.

Tsallaken titi ana gina wani dogon bene, injin ƙugiya mai ɗaga kaya tsaye a kansa, ɗakin direban kusan saitin eriyar Mai Eriya. Shi ke gyara oba-oban ma'aikatan wurin. A cikinsu akwai Dogo, mijin 'yarsa tilo, wanda aikinsa ya tsaya inda direba ba ya gani ya zame masa ido. A wannan makon ƙarafa suke saukewa cikin ramin lifta, Dogo a can ƙasa tsakanin bango huɗu, direban da suke kira Na Sama a can kusa da gajimare. Ƙa'ida ta ce mai ba da umarni ya yi ta magana ba ƙaƙƙautawa, muryarsa na yankewa direba ya tsaya. Amma waɗannan biyun sun daɗe tare har sun raina ƙa'ida. Dogo yakan ce "sauke" sau ɗaya, ya yi shiru, sai ƙarfe ya iso ya ce "tsaya". Mai Eriya ya sha jin haka ta akwatin rufi. Ya yi niyyar yi masa magana, amma mutum ba ya son suruki ya san ana sauraronsa.

Da safen nan ya jona wata oba-oba tasu da ya gyara, ya sakar mata fito a kan mitar masu ƙugiya don ya ga ƙarfin batirinta, ya kulle shago, ya raka Yaya asibitin ido.

Yaya ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma ba ta taɓa yarda cewa ya girma ba. An ɗiga mata magani, aka ce ta zauna har idon ya buɗe. Ta zauna a benci tana lumshe ido tana ba shi labarin mutanen da suka mutu da waɗanda ya kamata a ce sun mutu.

Wayarsa ta yi motsi. Saƙo ne daga kwamfutar shago: an ɗauke wuta, an dawo da ita, ta tashi. Ya shiga baƙin allon daga wayar, ya danna kibiyar sama, umarnin safe ya dawo yadda yake: na'ura sifili, mitar masu ƙugiya, watsa. Ya aika.

"Kai da wannan waya," in ji Yaya. "Ko a makabarta sai ka duba ko akwai sabis."

"Aiki nake, Yaya."

"Aikin da ake yi da babban yatsa."

Don ya huta da ita, ya rubuta wa na'ura ɗaya cewa ta saurara ta turo masa abin da take ji. Eriyar rufi tana jin gari gaba ɗaya: tashoshin labarai, masu tasi, masu gadi, jiragen da ke wucewa. Lambobi suka fara gangarowa a allon, duk iri ɗaya, duk a ƙasa. Babu tasha ko ɗaya. Kamar an kwashe garin an bar fili.

Ya daɗe yana kallo kafin cikinsa ya gane abin da kansa ke ƙin ganewa. Akwatin da ba ya jin komai, ai wanda ke toshe cikin gajeren kebur ne. Da wuta ta dawo, kwamfuta ta fara ganin na rufi. Shi ne sifili yanzu. Fiton yana fita ta eriya, kai tsaye cikin ɗakin Na Sama, kuma daga wannan kusancin zai danne duk wata murya da ke tasowa daga ƙasan rami.

Ya danna umarnin tsayarwa. Allon bai motsa ba. Ya sake. Layin shagon siriri ne, kuma shi da hannunsa ya cika shi da sauraron da ya buɗe. Shirun nan da ake turo masa nauyinsa ɗaya da surutun gari. Ya rufe, ya sake neman shiga, aka bar shi a ƙofa. Ya tsara aikinsa ne yadda ko layi ya yanke umarni ba zai mutu ba. Ya yi alfahari da wannan dabara a gaban mutane.

"Me ya faru?" in ji Yaya. "Numfashinka ya canza."

"Tashi mu tafi."

"Ban ga likita ba. Ban ma ga komai ba."

"Yaya, don Allah tashi."

Rabon da ya haɗa ta da Allah tun ranar da aka fitar da gawar matarsa. Ta miƙe ba ta ƙara tambaya ba, ta riƙe gefen rigarsa.

A cikin tasi ya kira Dogo, wayar a kashe. Ba a shiga rami da waya. Ya kira shugaban ma'aikata, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wa zai ji waya a tsakiyar injin kwaɓa siminti? Sai ya kira 'yarsa.

"Baba, ina wuni. Ya idon Gwaggo?"

"Da sauƙi. Kina da lambar direban ƙugiyarsu?"

"Na Sama? A'a. Lafiya?"

"Lafiya lau. Oba-obarsa ce na gyara."

"Baba, muryarka."

"Mura ce."

"Ɗazu da safe ba ka da mura."

"To yanzu ina da ita. Sai anjima."

Ya kashe. Yaya ta juyo da fuskarta wajensa, idanun a buɗe warwar, baƙin ya cinye su, ba ta ganin komai sai haske.

"Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Mijinta ne?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ba ta gane sifili da ɗaya ba, amma ta gane ƙarfe da rami.

"To idan bai ji an ce tsaya ba, ba sai ya tsaya don kansa ba? Ai yana da hankali."

"Shiru a wurinsu yana nufin ci gaba."

"Amma fito ba shiru ba ne."

"Zai ɗauka rediyonsa ne ke iskanci. Zai buga shi a gwiwa. Duk haka suke yi, shi ya sa nake da aiki."

Ta fara motsa leɓe tana addu'a. Mai tasi, wanda ya ji komai, ya fara kutsawa inda mota ba ta kutsawa. Mai Eriya ya ci gaba da neman shiga kwamfutar, babban yatsansa yana zamewa a kan gilashi saboda gumi. Yana lissafin da bai so: zurfin ramin, saurin igiyar, faɗin wurin da mutum zai iya raɓewa. Dogo mutum ne mai faɗin kafaɗa. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa sai da ya karkata kafin ya shiga ƙofar shago, Mai Eriya kuma ya ce a ransa, wannan zai cinye mana abinci. Bai taɓa kiransa da wani abu mai daɗi ba. Bai ga dalili ba, tunda yaron yana nan kullum.

Daga kan kwana ya hango ƙugiyar. Hannunta yana saitin tsakiyar ginin, igiyar ta miƙe ta shige ciki. Ko tana tafiya ko tana tsaye, daga nan ba a ganewa. Ba a jin jiniya. Bai sani ba ko wannan alheri ne ko kuwa ba a riga an sani ba ne.

Cunkoso ya tsayar da su. Ya buɗe ƙofa.

"Je ka," in ji Yaya. "Ni ba inda zan je, ko na so."

Ya tsaya a bakin titi da zaɓi biyu. Ginin yana hannun dama, da mai gadi da ƙofa da hular kwano da za a ce sai ya sa, da hawa da ba shi da ƙafar yinsa. Shago yana hannun hagu. Ya yi hagu. Ya hau matakala yana riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, ƙirjinsa yana ƙara kamar tsohuwar fanka. Makulli ya faɗi, ya ɗauka, ya sake faɗi.

A ciki komai yana nan lafiya, abin haushi. Oba-obar da ke teburi tana zaune shiru. Akwatin rufi yana kunna ɗan jan haskensa. Ya ja kujera, ya rubuta umarnin kashe aikin. Allon ya ce an kashe. Jan hasken bai mutu ba. Akwatin yana riƙe da abin da aka gaya masa na ƙarshe, tunda ba wanda ya gaya masa wani abu daban. Mai Eriya ya kama kebur ɗinsa ya fizge daga kwamfutar. Hasken ya mutu.

Yanzu saura ya ji abin da ake ciki. Ya mayar da kebur ɗin, yatsansa ya tafi kan kibiyar sama da kansa, ya janye shi kamar ya taɓa wuta. Ya kifa akwatin, ya cire tabarau ya goge, ya karanta doguwar lambar, ya rubuta ta harafi bayan harafi. Ya rubuta mitar. Ya rubuta saurara. Ya karanta layin daga farko zuwa ƙarshe, ya sake karantawa, sannan ya aika.

Lasifika ta yi shuu. Sai muryar Na Sama, a sama-sama, kamar ya daɗe yana maimaitawa.

"Dogo. Dogo, kana ji na? Fiton ya tsaya. Dogo."

Shuu.

"Na ga igiya ta saki, na tsaya. Ka yi magana mana. Dogo, ban son wasa."

Mai Eriya ya dafa teburi. Ta tagar shagon yana ganin ɗakin direban, da ɗan mutum a ciki ya manna fuska a gilashi yana leƙen ramin da ba zai iya gani ba. A ƙasa mutane sun fara gudu zuwa ƙofar ginin. Wayarsa ta fara ƙara, 'yarsa ce. Ya kife wayar.

Aka danna wata oba-oba, aka saki, ba magana. Aka sake dannawa. Numfashi.

"Na Sama."

"Na'am. Na'am, ina ji."

"Kar ka sauke." Muryar a shaƙe take, amma tasa ce. "Na raɓe a lungun ƙofar lifta. Ƙarfen ya jingina a kaina. Ƙafata tana ƙasansa."

"Me zan yi?"

"Ɗaga. Kaɗan-kaɗan. Zan yi ta magana. In ka ji na yi shiru, tsaya."

"To."

"Ɗaga. Ɗaga. Ɗaga. A hankali, ba buhun auduga ba ne. Ɗaga."

Mai Eriya ya ɗauke hannayensa daga teburin ya cusa su ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu. Bai yarda da su kusa da allon ba. Muryar ta ci gaba, kalma ɗaya, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci da ƙyar. Sau ɗaya ta yanke, igiyar da yake gani ta tagar ta tsaya cik, har muryar ta dawo.

"Ya tashi. Riƙe nan. Ku turo mini mutane, ba zan iya takawa ba." Dogo ya yi nishi. "Kuma kar wanda ya kira matata. Ni zan kira ta."

"Wane ɗan banza ne ya hau mitarmu?" in ji Na Sama. Yanzu da tsoro ya sake shi, fushi ya samu wuri. "Wallahi sai an nemo shi."

"Surukina zai gano shi," in ji Dogo. "Ba abin da ke wucewa ta iska bai ji ba."

Aka buga ƙofar shagon. Mai tasi ne riƙe da hannun Yaya, ya hawo da ita har sama. Ta tsaya tana haki, tana juya kai wajen lasifikar.

"Muryarsa ce?"

"Ita ce. Ƙafa ce."

"Ƙafa tana warkewa." Ta lalubi kujera ta zauna. "Wayarka tana ƙara."

Ya juyo da wayar. Sunan 'yarsa yana haske. Ya ɗauka.

"Baba, an ce mutane suna gudu a wurin aikinsu. Kana shago? Me kake gani?"

"Yana da rai, na ji shi da kunnena. Ya ji ciwo a ƙafa. Ki shirya, zan zo in ɗauke ki."

"Me ya faru?"

Ya dubi Yaya. Ba ta ganinsa, amma fuskarta tana kansa.

"Ni ne," ya ce. "Sa takalminki. Zan gaya miki a hanya."