Mai Kawo Shayi

"Ta yi kyau sosai, 'yata," in ji tsohuwar, alhali minti goma ta yi tana dangwalar gilashin sabuwar na'urar da ake gwadawa ba ta samu lambar ganin likita ba.

Mai bincike ta raka ta ƙofa ranta a dagule. Halayyar ɗan Adam ta karanta a jami'a, ta san ciwon: kara. Ba mai shan shayinka, ya zauna a kujerarka, sannan ya kushe maka aiki. Injiniya kuwa, wanda ya tsara fuskar na'urar da rubutu mitsi-mitsi kamar tururuwa, sai washe baki yake.

"Biyar cikin biyar sun yaba," ya ce. "Gobe a kafa ta a ƙofar asibiti."

In aka kafa ta haka, duk mai raunin ido zai koma gida bai ga likita ba. Saura mutum ɗaya a layi, wani tsohon tela mai tabarau kamar gindin kwalba. Kafin ya shigo, ta ɗora wa Injiniya tiren shayi a hannu.

"Don Allah ka tsaya can, kar ka ce uffan."

Ta zaunar da tsohon, ta rage murya. "Baba, wannan mutumin, shayi kawai yake kawo mana. Wanda ya yi na'urar ba ya nan, ni ma haushinsa nake ji, ba ya jin magana. Ka gwada."

Tela ya kai hanci dab da gilashin, ya danna. Na'urar ta koma farko. Ya sake dannawa, ta yi masa godiya.

"Godiyar me? Me na ba ta?" Ya gyara zama. "'Yata, mutumin nan yana da uwa kuwa? Wannan rubutu ne ko ƙura? Maɓallin soke da na ci gaba manne da juna, yatsana ɗaya ya rufe su duka. Ko kuwa asibitin na masu lafiya ne?"

Mai bincike tana rubutawa, tana cije leɓe kar dariya ta kuɓuce mata.

Can Tela ya juya. "Ɗana mai shayi, ajiye tiren nan kafin ka fasa kofunan mutane. Duk kuskuren da na yi sai na ji sun yi ƙara. Kai ne ka yi na'urar, ko?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba."

"Idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa yanka yadi ban auna mai shi ba." Ya zaro tsohon tef daga aljihu, ya miƙa masa tare da babban yatsansa. "Auna."

Injiniya ya durƙusa yana aunawa.

"Gobe za a kafa ta?" mai bincike ta tambaya, kamar ba ta san komai ba.

Injiniya ya ci gaba da awonsa. Tela ya kurɓi shayin, ya yatsine fuska.

"Wannan ma ba ka tambayi kowa ba."