Shirun Ƙaramar Jif

A Magama, nan bakin iyakar Jibiya, ba a gama cinikin mota sai an tambaya, "Maɗugu ya ji ta?" Ba a cewa ya gan ta, don gani kowa yana gani, kuma fenti ya sha yaudarar masu ido biyu. Shekara talatin da ɗoriya Maɗugu ya yi yana jan mota tsakanin Katsina da Maraɗi, da ya ajiye tuƙi sai ya koma sauraron motocin mutane. Zai shiga ya kashe rediyo, ya sauke gilasai, ya ja ta zuwa hanyar Daddara ya dawo, sannan ya faɗa maka ciwon da ke cikinta tun kafin ita kanta ta sani. Dokarsa guda ce, ba a magana a motar da yake gwadawa. Ko tari ne ya taso maka, sai dai ka haɗiye abinka.

Abin da mutanen Magama ba su sani ba shi ne, tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bara, duniya ta fara yi wa Maɗugu nisa. Shi dai bai yarda ba. Cewa yake mutanen yanzu ciki-ciki suke magana, ba su buɗe baki. Sau biyu yana yi wa masu kula da masallacin unguwarsu faɗa a kan lasifika, wai sun bar ta ta lalace har ba a jin kiran salla, su kuwa su ba shi haƙuri don girmansa. Ya koyi kallon leɓen mai magana, in abin ya wuce shi ya ce, "To, to." Can ƙasan ransa akwai tsoro, amma kullum yana lallashin kansa da cewa muryar mutum daban, muryar inji daban. Ya san in kunnen ya tafi sunan ya tafi, kuma ban da sunan nan babu abin da ya rage masa.

Wata safiya cikin kaka, hantsi bai yi zafi ba, Kalilu dillalin motoci ya aiko a kira shi. Kalilu mutumin Maraɗi ne da ya daɗe da zama a Magama, tare suka yi karen mota suna samari, har yau kuma ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Maɗugu ya tarar da shi yana goge wata ƙaramar jif ruwan toka da gefen rawaninsa, ga wasu mutum biyu tsaye gefe suna kallonta irin kallon da ake wa jaririn da aka daɗe ana jira.

"Ga mai kunnen nan ya iso," in ji Kalilu. "Tsoho, wagga ba irin akwalar da munka saba turawa ba ce. Yau sai ka rasa abin hwaɗi."

"In na rasa a motar, ai ba ni rasawa a kanka," in ji Maɗugu.

Masu sayen miji da mata ne. Mijin, Abdulrazak, malamin makaranta ne, mutum mai yawan gyara hula. Matar, Na'ima, ungozoma ce a ƙaramin asibitin da ke wajen Farfaru, kuma da gani ita ce mai motar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce sun daɗe suna tari don wannan rana. Ta gaji da ganin ana ɗora mace mai naƙuda a babur ana ratsa yashi da ita.

"Baba, ba don ado nike son ta ba," ta ce. "In ta tsaya mani a hanya da mace a baya, ban san mi zan ce ma Allah ba. Abin da kuka ce shi za mu yi."

Maɗugu ya ji wannan sarai, don fuskarta yake kallo.

Ya fara da sandarsa. Sandar nan tana da tsaga uku, ta ƙasa ta motar kwalta ce, ta tsakiya ta hanyar ƙauye, ta sama ta yashin gulbi. Ya durƙusa da ƙyar ya tsayar da ita a gindin motar, cikin motar ya wuce tsaga ta biyu da faɗin yatsa. Ya leƙa ƙasa, ya shafa ƙarfen ya duba ko tsatsa za ta biyo hannunsa, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsu ya sansana.

"Kada sunan jif shi ruɗe ku," ya ce yana miƙewa. "Riga ce ta aro. Tayun gaba kaɗai ke ja. Tana hawa kunya, tana tsallake rami, amma in damina ta jiƙa gulbi kada ki ce za ki gwada ƙarhinta. Ki zagaya ta kwalta. Mai kuwa ba ta sha da yawa, injin ƙarami ne, kuma kayan gyaranta ana samu Katsina."

Na'ima ta sa aka kwantar da kujerun baya, ta warware wani zane daga jakarta ta shimfiɗa, ta auna da kamu. Mace za ta iya kwanciya in ta ɗan lanƙwashe ƙafa, kuma akwai wurin da ungozoma za ta tsuguna kusa da kanta. Maɗugu ya ji yarinyar ta kwanta masa a rai. Ba ta ko kalli allon da ke haske a gaban direba ba, wanda Kalilu ke ta nuna wa mijinta kamar shi ya ƙera shi.

Dillali ba ya shiga motar gwaji, wannan ma tsohuwar doka ce, don haka Kalilu ya koma inuwa. Abdulrazak ya zauna gaba, Na'ima a baya. Maɗugu ya kashe rediyo, ya sauke gilasai, ya ɗaga yatsa ɗaya, kowa ya kama bakinsa.

Suka bar layin manyan motocin da ke jiran tsallakawa, suka bar masu dako da masu canji, suka sauka daga kwalta. Nan fa Maɗugu ya shiga wata duniya. Bai taɓa jan mota mai shiru irin wannan ba. Injin ba ya ko numfashi, tayu na shafar ƙasa kamar ba su son tashinta daga barci. Gero ya nuna, zangarniya na sunkuyowa dama da hagu, wasu mata da ƙwarya a ka suna wucewa a hankali, bakinsu na motsi suna dariya, iska mai ƙamshin ciyawa tana shigowa ta shafi gemunsa ta fita. Wani garken shanu ya ratsa hanya ba tare da ko ƙarar kofato ba. Ya ji kamar ba tuƙi yake ba, ruwa ne ya ɗauke su yana tafiya da su.

Sai ga matarsa Lantana a ransa. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Tun suna amarci ya yi mata alkawarin wata rana zai kai ta Maraɗi a gidan gaba, su biyu kawai, ba buhu ba fasinja, ta ga kasuwa ta sayo turaren da take so. Kullum sai ya ce bari a gama wannan lodin. Ita kuwa takan yi dariya ta ce, "Kai mota kake ji, ba ka jin mutum." Yau ga motar da ta dace da ita, mai taushin kujera, mai shirun da mutum zai ji matarsa ko da raɗa take. Har ya ga gefen mayafinta na kaɗawa ta taga, a inda malamin makaranta ke zaune. Kewarta ta kama shi sosai, amma kewa ce mai daɗi, bai so hanyar ta ƙare ba.

A kowace kwana yana jin wani ɗan motsi a tafin hannunsa, kamar bugun jijiya. Ya ce tsufa ne, hannu ya fara rawa.

A gindin wata tsamiya kusa da Daddara ya juya kan motar ya tsaya, ya share idonsa da babban yatsa.

"Malam," ya ce, "tunda nike ban taɓa shiga mota mai lahiya irin wannan ba. Ko ƙis ba ta ce ba. Ku saye ta, Allah shi sa albarka."

Abdulrazak ya washe baki ya gyara hula. Maɗugu ya ɗaga ido zai mayar da motar baya, sai ya ga Na'ima a madubi. Bakinta na motsi. Da gani ta jima tana magana, kuma shi take wa. Mijin ya juya yana yi mata alama da hannu ta yi shiru.

Maɗugu ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. "Mi kika ce, ɗiyata?"

Ta sunkuyar da kai don kunya, amma ta faɗa. "Baba, ku yi haƙuri, na san ba a magana. Wannan ƙarar da take yi in kun karya kwana, ita ba komai ba ce?"

"Haba Na'ima," in ji mijin. "Ni ma na ji, amma tunda Baba bai ce komai ba, ai ba komai ba ce. Wa zai koya ma Maɗugu jin mota?"

Ashe su biyun duk sun ji. Tun daga Magama motar take magana, kowa ya ji sai shi. Shirun nan da ya ɗauke shi ya kai shi wurin Lantana, ba na motar ba ne, nasa ne.

Ga hanya a buɗe kuwa. In ya ce tsakuwa ce ta maƙale a taya, za su yarda, su yi godiya, Kalilu ya sayar da motarsa, Magama ta ci gaba da cewa Maɗugu ya ji ta. Har kalmar ta zo bakinsa. Sai idonsa ya sauka kan zanen da Na'ima ta auna da shi, yana nan a ninke kan cinyarta.

Ya kashe injin.

"Ban ji ba," ya ce. "Ɗiyata, ban ji komai ba. Kunnen ya tahi, ya kai shekara. Ku ne na hwarko da na hwaɗa mawa."

Abdulrazak ya rasa inda zai sa idonsa. Na'ima ta buɗe ƙofa ta fito ta tsaya kusa da tagarsa, inda zai ga fuskarta da kyau.

"Kin iya tuƙi?" ya tambaya.

"Na iya, Baba."

"To zo ki zauna. Malam, koma baya."

Ya zagaya ya zauna a gefenta, ya dafa tafin hannunsa a gaban motar. Ya sa ta karya sitiyari duka zuwa hagu, ta zagaya tsamiyar a hankali, sannan zuwa dama. Ya ce duk abin da ta ji ta juyo ta faɗa masa, kada ta rage. Dokar shekara da shekaru ta faɗi a gindin tsamiyar nan, ba wanda ya tsaya ɗaukarta.

"Ƙwas, ƙwas, ƙwas," in ji Na'ima. "Daga gaba, gehen hagu."

"In kin miƙe hanya?"

"Sai ta yi shiru."

"In kin taka totur cikin kwanar?"

"Sai ta ƙara sauri."

Motsin nan ya sake bugun tafin hannunsa, daidai da bakinta. Ya sa ta tsaya, ya fita ya kwanta a yashi da farar rigarsa, ya zura hannu bayan tayar hagu. Robar da ke rufe gaɓar ƙarfen da ke juya tayar ta yage ta ciki, inda ido ba ya kai wa, man ya tsiyaye, yashi ya shiga ya ci gaɓar. Ya fito da yatsu baƙi ƙirin ya nuna masu.

"Da ta kai ki wata biyu, wataƙila ukku," ya ce. "Sannan wata rana cikin yashi ta saki, injin na kuka taya ba ta motsi. Motar ba ta da laihi, ku saye ta. Amma Kalilu shi canza wannan ƙarhen da sabo, ɓangare biyun duka, a gaban idonki. In an gama ke za ki gwada, ba ni ba."

"Baba, ba sai kowa ya sani ba," in ji Abdulrazak. "Mu ba za mu faɗa ba."

"Ni zan hwaɗa," in ji Maɗugu. "Kalilu zai yi dariya kwana ukku, sannan shi zo gida shi yi kuka. Na san shi."

Na'ima ce ta ja su zuwa gida. Maɗugu na zaune a gefen direba, abin da kafin yau bai yi ba tun yana karen mota, yana kallon gero na wucewa. Shirun na nan yadda yake ɗazu, sai dai yanzu ya san mai shi. Can ya juya ya dube ta.

"Ban da ƙarar, mi kike ji yanzu?"

Ta ɗan saurara. "Kurciya, Baba. Da iska cikin karan gero. Wata mata na daka can bayan danga." Ta rage gudu, ta juyo da fuskarta sosai don ya gani. "Ga shi kuma an hwara kiran azahar."

Sun riga sun shigo gari, masallacin unguwar su Maɗugu na gabansu. Maɗugu ya ɗaga kai ya dubi lasifikar da ya yi faɗa a kanta har sau biyu, tana nan ɗaure a saman hasumiya.

"Da ƙarhi?" ya ce.

"Da ƙarhi sosai, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya shafa fuskarsa da hannun da ke da baƙin mai bai lura ba.

"To tsaya nan, ɗiyata," ya ce. "Akwai mutanen da zan ba haƙuri."