Askin Inabin Makcik Rosnah

Ni 'yar Kudan ce, a gonar inabin babana na tashi. Shi ya sa ranar da na je neman ɗakin haya gidan Makcik Rosnah a unguwar Taman Melati da ke Kuala Lumpur, ko ɗakin ban duba da kyau ba. Idona na kan rumfar ƙofar gida, wadda inabi ya lulluɓe ruf, ga kujerar katako a ƙarƙashi. Nan take na ce na kama. Da ma a duk unguwar nan ne kaɗai aljihun mai karatun digiri na biyu irina zai iya ɗauka, ga tashar jirgin ƙasa kusa.

Makcik, wato inna da yaren Malay, dattijuwa ce, mijinta Pakcik Daud ya rasu. Tun ban zauna ba ta ba ni tarihin inabin. Marigayin ya taɓa yin ƙwadagon tsinka a kudancin Ostireliya, a wani kwari mai jar ƙasa inda ake zabga sanyi, sannan rana ta buɗe babu ruwa. Giya masu gonar suke yi da shi, kowane iri da tasa: Riesling fari, Grenache ja, sai Shiraz baƙi wuluk.

"Bai taɓa kurɓa ba," ta ce tana ɗaga mini yatsa, kamar ni na zarge shi. "Amma 'ya'yan ya ci ya more. Ya ce Shiraz ƙanana ne, ga kaurin fata ga ƙwallaye, amma zaƙinsa ya fi na kanti."

Reshen Shiraz ɗin ya taho da shi. Ya kama, ya yi girma, amma har ya bar duniya bai ga ɗa ko ɗaya a jikinsa ba.

Ni kuwa na san ciwon. Inabi sai ya huta yake haihuwa. Can Ostireliya sanyi ke kakkaɓe masa ganye ya yi barci. A Kuala Lumpur babu sanyi babu rani, kullum ruwa da zafi, sai ya yi ta zuba ganye kamar rago a gidan masu kuɗi. Maganinsa a datse rassan a tsige ganyen kaf. Babana aski yake kiran abin. Kullum na wuce ƙarƙashin rumfar nan hannuna ƙaiƙayi yake.

Da ƙaramar Salla Makcik ta tafi ƙauyensu. Na sayo almakashin lambu ina murna kamar wadda aka yi wa ɗinki, na kira Baba ta bidiyo na nuna masa. Ya ce lallai wannan ya daɗe da neman aski, ya nuna mini inda zan bar idon toho biyu, inda zan bar uku. Sannan ya ce, "Nuriyya, kin dai tambayi mai shi ko?"

Na ce, "Baba, ba na jin ka, layin na yankewa."

Kafin la'asar na yi masa tal-kwabo. Na tsaya ina kallon aikina, wallahi har ƙirjina ya cika don daɗi.

Makcik ta dawo da ledojin tsaraba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi sandunan da ke tsaye tsirara, ruwa na ɗiga daga bakin yankan, ta dubi kujerar tana gasuwa a rana. Na fara bayani da Turanci da guntun Malay ɗina cikin zumuɗi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi ƙarshen wata in nemi wani wuri, ta shige ciki.

Ƙawata Kamila da ke unguwar Setapak ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke seriously, inabin mamaci kika aske? Ki zo ki kwana a ƙasa mana, amma roommate ɗina ba za ta yarda ki wuce sati ba."

Sai a lokacin tsoro ya kama ni. In ya mutu fa? Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai na hau kujera na leƙa idanun. Suka kumbura, suka fashe, ganye ja-ja suka leƙo. Rai dai akwai, amma ganye ai Makcik tana da shi tun kafin in zo. Gaisuwata ma da ka take amsawa.

Ranar tashi na fito da akwatuna, na kira mota ta waya. Ina jira na ce bari in hau kujerar nan sau ɗaya. A ƙarƙashin wani sabon ganye na ga wani ɗan curi kore, bai kai kan yatsa ba. Na duba reshen gaba, ga wani. Na gaba, biyu!

Ihun da na yi har karen maƙwabta sai da ya amsa. "Makcik! Makcik, fito! Ya yi fure!"

Ta fito da ludayi a hannu, ta zaci wuta ce. Na jawo reshen ƙasa ina tsalle. Ta sa tabarau, ta ce ko tsutsa ce? Na ce nonon inabi ne, kowace ƙwayar nan ɗa ne, ga su nan fal rumfar.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a kujerar, ludayin a cinya.

"Duk shekara sai marigayi ya ɗauko almakashi," ta ce a hankali. "Ya ce can haka suke yi. Ni nake hana shi, saboda inuwa."

Mota ta iso tana mana oda, ban san ko in ɗauki akwati ba.

Makcik ta share ido da gefen ɗankwali, ta miƙe ta ɗaga wa direban hannu ya tafi. Ta juyo gare ni fuska a murtuke.

"Mai da kayan nan ciki. Ke kika fara, ke za ki tsare shi har in ɗanɗana abin da yake ta ba ni labari."