Kujerar da Na Ƙi Zama a Kai

Wata da watanni ina shafa wa ƙafata ta hagu man zafi ina zaginta, ashe baiwar Allah ba ta da laifi. Sai da likita ya ɗaga hoton bayana ya nuna min. Tsakanin ƙasusuwan ƙugu akwai wani abu kamar ɗan matashin kai, nawa ya ɓullo gefe ya danne jijiyar da ta sauka har dunduniya.

"Malam Garzali, ban da sunkuyo, ban da tsugunno, sai ya lafa," in ji shi.

Na ce to, alhali ranar Asabar zan bar Wudil in je Ɗankaza gaida Malam Isyaku, mahaifin Suwaiba da nake nema da aure. An ce dattijon daga gaisuwa yake auna mutum, har ya taɓa sallamar wani manemi don ya gaishe shi a tsaye. Suwaiba kaɗai na faɗa wa maganar likita, ita ma rabi na ba ta.

Na iske shi a zaure kan buzu, ga farar kujerar roba a gefensa. Ya nuna min ita. Ni, kujera, a gaban suruki? Na zube ƙasa na durƙusa kamar ɗan shekara ashirin.

Nan take wani abu ya tsarga min daga ƙugu har yatsa. Na san ba maganar tashi, sai na ci gaba da gaisuwa. Na tambayi gida, na tambayi gona da damina da awaki. Da suka ƙare na koma kan maƙwabta, gumi yana ɗiga daga haɓata.

"Yaro, tashi haka nan."

"Baba, ai nan ma ya yi."

"Tashi na ce."

"Wallahi Baba ba zan iya ba."

Dattijon nan da ya haifi kamata ya miƙe, ya sa hannu a hammatata, ya ɗora ni kan kujerar. Kunya kamar in nutse.

"Gaisuwa ta yi, na karɓa," in ji shi. "Amma kujerar nan tun jiya Suwaiba ta sa aka aro ta saboda bayanka. Tana bayan ƙofa, ta ga yadda ka yi da ita. Can za ka kai durƙuson, in ka iya."