Ƙafar Nicanor

Ruwan da aka jera ana yi ya zabtare hanyar da ta haɗa mu da ƙauyen sama, daidai inda take shan kwana a gindin dutse. Da safiyar Asabar aka buga ƙararrawar coci, lasifikar ofishin gari ta ce yau tekiyo ne, kowane gida ya fito da mutum ɗaya aikin gayya. Mijina Tiburcio ya saɓa diga, ni kuma na bi shi da tukunyar kunun masara. A bakin ƙofa muka haɗu da Herminia, ta ɗaure kai, tana riƙe da shebur.

Herminia maƙwabciyata ce. Ni na riƙe 'yarta ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna comadre. Tun rasuwar mijinta ta koma gidan mahaifinta, ita take noma gonar masarar da ke bayan coci. Sai dai gidan da gonar duk da sunan ƙaninta Nicanor suke, haka tsohon ya bar su. Shi kuwa Nicanor tun yana saurayi ya tafi birnin Monterrey, yana aiki a wani kamfani, ya yi aure can.

A garinmu, Santa Rita Lachiveni, duk mai riƙe da ƙasa akwai shekarar da za a kira shi ya yi wa gari hidima. Ko yana ina, sai ya dawo ya zauna shekara guda, ya riƙe sandar tsaro, ko ya kula da ruwa, ko da daji. Wanda ya ƙi, gari ya karɓi abinsa. Mara lafiya kaɗai ake yi wa uzuri. Da layi ya zo kan Nicanor a shekarun baya, Herminia ta miƙe a taron gari ta ce injin kamfani ya murƙushe masa ƙafar dama, ko bayan gida ba ya zuwa sai da sanda. Mata suka yi kuka. Aka kunna masa kyandir a coci, a gaban Santa Rita, waliyyiyar garinmu. Ni da hannuna na dafa ganye na haɗa man shafawa, na ba ta ta aika masa. Gari ya bar mata gida da gona, ita kuma ta ci gaba da fita tekiyo a madadinsa.

Ranar tekiyon nan, hantsi ya yi, hazo ya fara janyewa daga kan itatuwa. Maza na sara ƙasa, mu mata muna miƙa duwatsu hannu da hannu. Fidencio, wanda bakinsa ba ya hutawa, yana ta tsokanar Tiburcio wai digarsa ce take ɗaga shi, ba shi yake ɗaga ta ba. Sai muka ji dariyar yara daga sama. Ba wanda ya damu, masu yawon hutu sun saba ratsa mu da jakunkunansu masu launi. Amma waɗannan da suka ɓullo, namijin ne a gaba, ya goya ƙatuwar jaka, ya kuma ɗora yarinya a wuya, yana tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, yarinyar tana ihun daɗi. Matarsa da wani yaro suna biye da sandunan tafiya.

Herminia tana riƙe da dutse za ta miƙo mini. Na ga ta sunkuya a hankali ta ajiye shi a ƙasa.

"Comadre," ta ce, "riƙe ni."

"Yaya!" mutumin ya kwaɗa kira tun daga nesa. "Yaya Herminia! Ba ki yi zato ba ko? Na ce wa matata Maribel sai kin faɗi don mamaki!"

Ya sauke yarinyar, ya diro kan sabuwar ƙasar da muka tara, yana haki yana bayani. Hutun makaranta aka yi wa yara. Tun daga inda mota take tsayawa suka taso a ƙafa, ƙauye bayan ƙauye, suna kwana a ɗakunan baƙi. So yake yaransa su shiga garin ubansu ta hanyar da ya bi yana yaro, ba ta tagar mota ba. Ga Uriel, ga Dalia, su gaida gwaggonsu.

Diga ta tsaya, shebur ya tsaya. Fidencio ya cire hularsa ya dafe ta a ƙirji.

"Jama'a, ku durƙusa," ya ce. "Santa Rita ta yi aikinta. Nica, don girman Allah wane asibiti ne? Jakina ma na fama da ƙafa, in kai shi."

Wasu suka tuntsire da dariya. Nicanor ma ya yi dariya, don bai san abin da ake yi wa dariya ba. Herminia ta rungume shi, ta sa baki a kunnensa. Ina dab da su, na ji.

"Ka yi ɗingishi. Don Allah, Nica, ka yi ɗingishi."

Ya ja baya ya dube ta. Ya dubi mutanen da suka zuba wa ƙafafunsa ido. Ban san iyakar abin da ya gane ba a lokacin, amma na ga dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya taka zai je ya gaida shugaban gari, Don Meliton, sai ya shiga jan ƙafa yana dafa cinya.

"Af," in ji Fidencio, "ciwon ya yi ƙaura? Mu dai ta dama muka yi wa addu'a."

Nicanor ya tsaya cak, ƙafar hagu a karkace. Dalia ta ruga ta kama wandonsa.

"Baba, me ya same ka? Ka taka ƙaya?" Ta juyo gare mu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Babana ba ya gajiya. Shi ya ɗauko ni tun daga can sama. Kuma duk Lahadi yana buga ƙwallo, ya fi kowa gudu."

Bayan wannan ba wanda ya sake dariya, har Fidencio. Ya mayar da hularsa ya duƙa yana duba ƙotar shebur kamar ta tsage.

Don Meliton ya goge hannu a riga. Ya gaida Maribel da ladabi, ya tambaye ta gajiyar hanya, ya shafa kan yaran, ya ce in zuba wa baƙi kunu. Sannan ya juya.

"Nicanor, ɗan marigayi Ponciano, sannu da zuwa. Mun ji daɗin ganinka lafiya. Gobe bayan an tashi daga coci akwai taro."

Nicanor ya yar da jakarsa ya wawuri digar da ke jingine kusa da shi. "Bari in sa hannu, Don Meliton. Ai ban manta ba."

"Ajiye," tsohon ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Gidanku ya riga ya fito da mutum."

Haka ya tsaya a gefen hanya, hannu ba komai, da takalmansa masu tsada, mu muna wuce shi da duwatsu. Yaran ba su san komai ba, suka shiga layi suna ɗauko ƙanana, ba kuma wanda ya hana su. Na so Herminia ta ce kanta na ciwo ta tafi gida. Ba ta tafi ba. Ta ja mayafi har goshi, tana karɓa tana miƙawa, ba ta ɗaga ido ta dubi kowa ba har aka tashi. Sai da muke saukowa, mu biyu a baya, ta yi magana.

"Man nan da kika haɗa, comadre. A gwiwata na shafa shi."

Na ce, "Ya yi miki aiki?"

"Ya yi."

Da la'asar na kwaso yaran Nicanor zuwa madafina, na gasa musu tortiya, gurasarmu ta masara, na zuba wake, don katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Herminia, kuma muryoyi sun fara tashi.

"Cewa na yi ki san yadda za ki yi! Ban ce ki mayar da ni gurgu ba!"

"Da me zan san yadda zan yi? Ka ce in ka zo za su kore ka daga aiki. Su kuma nan sun ce in ba ka zo ba in kwashe kayana. Ina zan kai 'yata, Nica? Ka sake tambayata yadda na yi?"

"Ke kika ce an daidaita."

"Kai kuma ka ji daɗin jin haka, ka kashe waya."

Dalia ta daina tauna. "Ni ce na yi laifi?" ta tambaye ni.

"A'a, 'yata. Ci abincinki."

"To me ya sa Baba ya yi tafiyar agwagwa?"

Uriel ya zungure ta da gwiwar hannu, ya ce ta yi shiru. Kunnuwansa sun yi ja. Na ƙara masa wake, ya ce ya ƙoshi.

Washegari aka jera benci a filin ƙwallon da ke gaban ofis. Ban taɓa ganin taro ya cika haka ba, har waɗanda suke cewa baya na damunsu duk sun samu sauƙi. Kafin Don Meliton ya gama buɗe magana, Herminia ta miƙe.

"Ni na faɗa," ta ce. "Shi bai sani ba. Ƙafarsa ba ta taɓa samun komai ba. Na ji tsoron a fitar da ni daga gidan ubana, sai na yi muku ƙarya, na bar ku kuna yi masa addu'a."

Tsohuwa Cleotilde, wadda ba ta ji sosai, ta sa aka maimaita mata. Da ta gane, ta ce da ƙarfi, "To ni da na yi masa azumi fa? Wa zai mayar mini da yunwata?" Wasu suka rufe baki, amma Herminia ta sunkuyar da kai kamar an mare ta.

Don Meliton ya ce Nicanor ya tashi. "Hidimarka tana nan tana jiranka. Sabuwar shekara ake karɓar sanda. In ka zo ka yi, magana ta wuce, gida naka, gona taka. Za ka zo?"

Nicanor ya dubi Maribel, da ke tsaye can baya wajen baƙi, riƙe da hannun yaran. Ya dubi dutsen da ke bayan coci.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Aikina, makarantar yara. Ba zan iya ba."

Nan wuri ya kaure. Wasu suka ce doka doka ce, a karɓi gida da gona, in ba haka ba gobe kowa zai karya ƙafar ɗan'uwansa da baki. Wasu suka ce a ina matar za ta kwana. Aka yi ta ja. Herminia tana tsaye, ba wanda ya ce ta zauna, ita ma ba ta zauna ba. Daga ƙarshe Fidencio ya ɗaga hannu, mutane suka fara murmushi tun kafin ya buɗe baki, amma bai yi wasa ba.

"Ƙarya dai ta yi," ya ce, "ni ma kyandir biyu na ƙona. Amma duk tekiyon da aka yi, ita nake gani a gefena. A sa sunanta. Shekarar da ƙaninta ya ƙi, ita ta yi ta."

Aka ɗaga hannuwa, suka fi yawa. Gida da gona suka koma sunan Herminia, da sharaɗin ta karɓi kula da tankin ruwa shekara guda. Nicanor kuwa aka ce daga yau ba ya cikin masu haƙƙi a Lachiveni. Yana iya zuwa ya gaida 'yar'uwarsa duk lokacin da ya so, ƙofa a buɗe take ga kowa. Mata suka matso za su yi wa Herminia barka, ta rufe fuska da mayafi ta ratsa su ta wuce gida.

Ranar Litinin da sassafe suka shirya ci gaba da tafiyarsu zuwa ƙauyen ƙasa, don yaran sun ƙwallafa rai a kan wata gada mai lilo da aka ba su labari. Herminia ta ƙulla musu tortiya da dafaffen ƙwai a tsumma. Ita da ƙaninta suka yi sallama a bakin ƙofa, kowa na kallon ƙasa. Da suka iso gaban ofis, inda hanyar daji ta fara, mai tsaron ranar ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce a yi haƙuri, baƙo ba ya shiga dajin gari sai da ɗan gari ya raka shi, haka dokar take. Maribel ta buɗe baki za ta yi magana, Nicanor ya dafa ta. Ya ce to, a ba su ɗan rakiya.

Layi ya faɗo kan Tiburcio. Ya rataya adda ya shige gaba, suka bi shi.

Da ya dawo da yamma na zuba masa abinci, na jira har ya ci rabi kafin in ce yaya hanya. Ya ce lafiya lau, yaran sun haye gadar suna ihu, ƙaramar ta sa shi ya tsinko mata furanni. Da suka kai mararrabar da ke ƙasan maɓuɓɓuga, inda shi da Nicanor suke kiwon tumaki suna yara, Tiburcio ya tsaya ɗaure takalmi, sai Nicanor ya riga shi isa wurin. Ya ja ya tsaya, bai bi dama ba bai bi hagu ba. Uriel ya ce, "Baba, ta ina?" Ya ce, "Mu jira mai rakiya ya nuna mana."